Madugu Uban Tafiya

Malam Edita, ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin wani abin kunya da ya same ni, da abin da na tsinta a cikinsa. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko in rubuta ko in bari, domin ba mai son a ji kasawarsa a bainar jama'a. Amma da na tuna kusan dukanmu gobe za a danƙa mana 'ya'yan mutane a ce mu shugabance su, sai na ga gara a yi mini dariya yau da a ce wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa na wata 4, ni sai aka tura ni wata makarantar ƙauye a bakin fadama. Ban fi kwana 3 da sauka ba babban malami ya kira ni, ya nuna mini wani fili bayan makaranta kusa da rijiya, ya ce ga lambun makaranta, bana ni zan duba shi tare da yara 32 na babban aji. Ya ce albasa za a dasa, abin da aka samu kuwa na yaran ne. Na yi murna ƙwarai, don a ganina ba aikin da ya kai wannan sauƙi. Na sami littafi na ja layi, na rubuta sunayen yara bi da bi, na yanka wa kowa ranakunsa na ban ruwa. Na ɗauki yaron da ya fi kowa ƙoƙari a lissafi na ce shi ne shugaba. Kuɗin iri da yara suka tara na karɓa na sa a aljihu, ban gaya wa kowa yawansu ba. Allah ya sani ban yi nufin cin ko anini ba, ni dai ban ga dalilin da zai sa malami ya tsaya yi wa yara bayani ba ne. Kowace la'asar sai in ɗauko kujera in zauna a gindin wata tsamiya, ina kiran suna, suna jan guga.

Makon farko kowa ya zo. A na biyu aka fara ciwon kai da ciwon ciki, da "an aike ni." A na huɗu, in na kira suna 10 da ƙyar 4 su amsa. Na yi faɗa, na yi horo, abin sai gaba ya ke yi. Fangali 20 muka dasa, kafin mako 5 guda 8 sun bushe ƙurmus, sauran kuma lawashinsu ya yi ja ya kwanta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaran nan da na ke kira malalata, da sassafe na kan hange su a lambunan iyayensu suna ban ruwa cikin tsananin hunturu, ba kuwa wanda ke tsaye a kansu.

Ina cikin wannan hali na nemi izini na je gida kwana 2. A gidanmu akwai kakana na wajen uba, tsoho ne ya haura shekara 80, idonsa ya yi rauni amma hankalinsa garau. Asalinmu fatake ne. Kakan kakan nan nawa ya yi tafiyar Gwanja da ƙafarsa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, Allah kuma ya yi masa tsawon rai har kakana ya tashi ya same shi, ya sha labari a bakinsa. Bayan sallar lisha na zauna gabansa a zaure na zayyana masa dukan abin da ya faru, ina tsammani zai taya ni zagin yaran zamani. Sai ya bushe da dariya, ya ce, "Kai, Malam ƙarami, ashe sarauta aka ba ka, ba ka gayyace mu naɗi ba?"

Da ya gama dariyarsa ya ce, "Shugaban nan naku, wa ya zaɓe shi?" Na ce ni. Ya ce, "Kuɗin fa, wa ya san yawansu?" Na ce ni. Ya ce, "To, tun ran da aka fara, guga nawa ka ja?" Na yi shiru. Ya ce, "Ai kuwa da a hanyar Gwanja ne, da tun ba a kai Kwara ba ka waiwaya ka ga daga kai sai jakinka."

A daren nan ya ba ni labarin ayari tun daga tashi har komowa. Da na dawo na bi littattafan tarihi da ke ɗakin karatunmu, na tarar maganarsa da tasu sun yi daidai a kusan kome, saboda haka zan haɗa su in faɗa muku gaba ɗaya.

Kowa ya san goron da kakanninmu suka ci ba a ƙasar Hausa ya ke tsira ba. Daga kurmin Asanti ya ke fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, watau cikin arewacin Gana ta yau. Waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci a ƙarni na 19 iri uku ne, Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. In damina ta ɗauke aka kai amfani gida, sai su ɗaure kaya, kanwa, da turkuɗi da sauran baƙaƙen tufafi na rinin Kano, da jan fata da takalma, da gabu, watau busasshen ganyen albasa. Su nufi yamma, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga. Ayari guda ya kan kai mutum 1,000, wani har 2,000, ga jakuna kusan yawan mutanen. Zuwa da komowa ya kan ci wata 6, wani lokaci har shekara. Wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta goron da ke shigowa birnin kowace shekara ya fi kayan jaki 500, kowane kaya kuwa in ya iso lafiya ana sayar da shi wajen wuri 200,000. Masu son lissafi sai su buga su gani.

Ya kyautu a lura da wannan kalma, "in ya iso lafiya." Goro kaya ne mai wuyar sha'ani. Sai an naɗe shi cikin ɗanyen ganye an yi huhu, ana tafe ana kwancewa, ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Ga koguna ba gada, ga 'yan fashi a dazuzzuka, ga sarakunan hanya kowa da abin da ya ke so a ba shi kafin a wuce. Mutum ɗaya, kome dukiyarsa, kome jaruntakarsa, ba ya iya wannan tafiya. Abin da ya haifi ayari ke nan, ayari kuma ya haifi madugu.

Na tambayi kakana, na ce wane sarki ke naɗa madugu? Ya ce, "Ƙafafun mutane ke naɗa shi." Ya ce in kaka ta yi, labari ya kan bazu cewa madugu wane zai tashi ran kaza daga wuri kaza, madugu wane kuma ran kaza. Ba a tilasta wa kowa bin wani. Kowane falke ya kan zauna ya duba, wa ya san hanya da rijiyoyinta, wa ke jin harsunan mutanen da za a ratsa, wa ya saba da sarakunansu, wa ya kai mutane bara ya komo da su ba a rasa rai a banza ba. Wanda aka amince masa sai ka ga zangonsa ya cika tun kafin ranar tashi. Wanda aka taɓa kamawa da ha'inci kuwa, ba mai zaginsa, ba mai kai shi ƙara, ranar tashi ce kawai za ta zo ya ga fili fetal.

Madugu kuma ba ya riƙe aiki duka a hannunsa. Akwai jagaba, shi ke wucewa gaba ya duba hanya, ya nemi wurin sauka, ya kai gaisuwa ga mai gari. Akwai uban dawaki, shi ke bi yana tara abin da za a biya na fito da na wucewa, kowa gwargwadon yawan kayansa. Akwai malamin ayari, shi ke ba da salla, ya yi addu'a, ya rubuta wasiƙu da abin da ke bukatar rubutu. Akwai makaɗi, wanda da gangarsa a ke sanin lokacin ɗaura kaya da lokacin sauka. Madugu shi ke zama da sarakunan hanya ya yi ta jayayya har a rage kuɗin wucewa, in an daidaita ya komo zango ya faɗa gaban kowa, "An nemi kaza, mun tsaya a kan kaza." In biyu sun yi faɗa shi ke raba su. In wani ya rasu a hanya shi ke tsayawa a yi masa sutura, a ƙidaya kayansa gaban shaidu, a juya masa su kamar yana da rai, a kawo wa magadansa.

Sa'an nan kakana ya tambaye ni, ya ce, "In ayari ya miƙa, a ina ka ke tsammani madugu ya ke tafiya?" Na ce a gaba mana. Ya ce, "Gaba ta jagaba ce. Madugu a baya ya ke. Shi ne na ƙarshen barin zango, sai ya ga ba a manta da kowa ba. A baya gurgun jaki ya ke, a baya mai zazzaɓi ya ke, ta baya kuma ɓarayi su ke ɓullowa. In jakin wani ya faɗi, shi zai tsai da mutane a rarraba kayan a kan na sauran, yau kai, gobe wani. Don haka a ke ce masa uban tafiya." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Kai kuwa ba ka gaba, ba ka baya, kana gindin tsamiya."

Akwai wani abu a cikin tsarin nan da ban taɓa lura da shi ba sai a daren. Ayari ba dukiyar mutum ɗaya ba ce, ba kuma dukiyar taro ba ce da za a zuba a tukunya guda. Kowane falke da kayansa, da cinikinsa, ribarsa tasa ce, in ya yi wauta a kasuwa kuma shi ya jiwo. Abin da aka yi tarayya a kai shi ne hanya, watau tsaro, da fito, da zango, da ɗaukar wanda ya faɗi. Saboda haka mai himma ba ya jin ana cin guminsa, mai rauni kuma ba ya tsoron a yashe shi a daji. Irin wannan ne manomanmu suka sani, ga gandu na gida duka, ga gayauna ta kowane saurayi, ga kuma gayya in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Na ce masa, to, yaron da ba shi da ko wuri, ƙaƙa ya ke zama falke? Ya ce da korar jaki a ke farawa. Yaro ya bi ubansa ko maigidansa tafiya biyu ko uku, yana kiwo, yana ɗaurin kaya, yana koyon gane goron kirki, maigida kuwa yana lura da halinsa. In an ga amanarsa sai a ba shi ɗan jari ya riƙa juyawa a gefe. In ya juya da kyau a ƙara masa, har ya sayi jakin kansa, maigida ya yi masa aure, wata rana shi ma ya ɗauki nasa yaro. Da ya faɗi haka sai na tuna mun karanta irin wannan a babin ciniki na Risala a gaban malaminmu na zaure, inda aka yi bayanin wanda ya ba wani dukiya ya juya, su raba riba yadda suka yi sharaɗi, in kuwa an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, hasarar tana kan mai dukiya. Na haddace wannan tun ina yaro, amma ban taɓa sanin a kansa gidanmu ya ginu ba.

A can Salaga ma amana ce ke aiki. Baƙo ya kan sauka gidan wani maigida, shi zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi, a ba shi la'adarsa. Wuraren saukar nan su suka zama unguwanni, shi ya sa har yanzu a Kumasi da Akara da sauran garuruwan Gana unguwar baƙi Musulmi zango a ke kiranta. A Kano kuwa, wani Bature mai suna Clapperton da ya zo a 1824 ya ba da labari cewa a kan rubuta sunan dillali a sa cikin ƙunshin riga ko turkuɗi. In an kai kayan har Barno aka kwance aka tarar da aibi, sai a komo da su, dillali ya nemo mai kaya, a mayar wa mai saye kuɗinsa. Ku duba fa, tafiyar makonni tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba su taɓa ganin juna ba, amma sunan mutum guda a 'yar takarda ya isa.

Zamani ya juya wa wannan hanya baya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asanti a kan Gwanja ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, fatake suka watse zuwa Karachi da Kintampo da sauran wurare. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, a 1911 kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Ayarin jakuna ya mutu, amma tarbiyyarsa ba ta mutu tare da shi ba. Shaida a nan ita ce Alhaji Alhasan Ɗantata. Ba'agale ne, an haife shi a Bebeji a 1877, ya tashi cikin fataucin Gwanja, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce a Akara. Yana cikin na farkon da suka riƙa aiko da goro ta teku. Da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano daga 1912, ya shiga, a 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja. Abin da ya fi da shi kuwa shi ne mutane. Ya kan ba yaransa da wakilansa jari su bazu ƙauyuka, su ma su ba manoma tun kafin kaka, kamar dai yadda maigida ke yi wa yaronsa a zamanin jaki. Labari ya shahara cewa a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya banki a Kano. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma.

Kada wani ya ce na zo in wanke mutanen da ne sarai. Kakana da kansa bai ɓoye mini ba, cikin masu ɗaukar kaya a ayarin nan akwai bayi, waɗanda ba su zaɓi madugu ba, ba su kuma da rabo a riba, Salaga kanta babbar kasuwar bayi ce. Wannan zalunci ne, mun gode Allah da ya kawar da shi. Har wa yau jarin nan a tsakanin dangi da 'yan gida ya fi yawo, bare ya kan daɗe a bakin ƙofa. Akwai kuma maigidan da ya kan riƙe yaro har furfura bai sallame shi ba. Sa'an nan yawancin lissafi a ka a ke riƙe shi, in mai dukiya ya rasu farat ɗaya sai rigima ta tashi, gidan da aka shekara 40 ana ginawa ya rushe a wajen rabon gado. Waɗannan duka gaskiya ne. Amma wanda ya tsinci sankara a huhu ba ya zubar da goron duka, tsincewa ya ke yi.

Ran Litinin na komo makaranta. Da aka tashi na tara yaran nan a lambu, na shimfiɗa tabarma, na zazzage sauran kuɗinsu a kai. Na faɗa musu abin da aka tara, da abin da na sayi iri da guga da igiya, na sa biyu daga cikinsu suka ƙidaya saura gaban kowa. Wallahi ban taɓa jin nauyi irin na ran nan ba. Na ba su labarin madugu a taƙaice, na ce su zaɓi nasu, ni ba ruwana. Na koma gefe ina tsammani yaron nan mai lissafi za su sake ɗauka. Sai suka taru a kan wani ɗan maƙeri, wanda ya fi su shekaru, wanda kuma a aji kullum shi ne kusa da na ƙarshe. Raina bai so ba, amma na riga na yi magana.

Abin da yaron nan ya fara yi shi ne tambayar kowa lokacin da ya ke da sarari, abin da ni ban taɓa yi ba. Nan na ji abin da ya kashe mini fangali 8. Ashe la'asar ɗin da na yanka musu ita ce lokacin da waɗansu ke komo da awaki daga kiwo, waɗansu ke tafiya makarantar allo, waɗansu kuma gidajensu na can ƙetaren fadama, in sun tsaya sai duhu ya same su a hanya. Ashe kuma tun ran da kuɗi suka shiga aljihuna suka yanke cewa albasar malamai ce, su 'yan ban ruwa ne kawai. Sabon madugu ya raba su ƙungiya 4 bisa ga unguwanninsu, kowace ƙungiya yara 8 da fangali 3, abin da ta noma nata ne. Rijiya da guga da shinge kuwa na kowa da kowa, ran Asabar a yi musu gayya. Yaron nan mai lissafi aka ba shi littafi ya zama malamin ayari, ya kuwa fi jin daɗin wannan da shugabancin da na ɗora masa. Ni ma madugu ya yanka mini ranakuna. Ya zo yana sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ko za a sa ka ran Laraba?" Na ce a sa ni. Kafin mako 2 tafin hannuna duk ya yi bororo.

Ba zan ce daga nan kome ya tafi sumul ba. Ana saura wata guda a cire albasa zazzaɓi ya kwantar da wani yaro har mako 3. Ranar rabo biyu daga cikin ƙungiyarsa suka ce ba za a ba shi cikakken rabo ba, tun da su suka ja masa ruwa. Suka zo wurina. Har na buɗe baki zan yanke hukunci, sai na tuna, na ce su tafi wurin madugu. Ya sa aka buɗe littafi, aka ga kafin ciwon yaron nan bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Wannan ba gudu ya yi ba, faɗuwa ya yi. A ba shi nasa cif." Waɗanda littafi ya nuna sun yi fashi ba dalili kuwa aka rage musu gwargwadon kwanakinsu. Ɗaya daga cikin masu ƙarar bai yarda ba, ya ɗauki rabonsa yana gunaguni, har na bar garin ba ya gaishe ni da sakin fuska. Na so a ce na san abin da zan gaya masa ya huce, amma ban samu ba.

Buhu 2 da rabi muka samu. Da fangali 20 ɗin nan sun tsira, da an fi haka nesa, wannan kuwa laifina ne, ba na yara ba. Madugu da mutum biyu suka kai kasuwa ran da ta ke ci, suka komo suka zube kuɗi a kan tabarmar nan. Kafin a raba, su da kansu suka ce a ware kuɗin irin baɗi a ba babban malami ajiya, a rubuta a littafi, kowa ya sa hannu.

To, 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. A nan ana koya mana tsara darasi, da riƙon rajista, da lissafin shiga da fita, dukansu kuwa abubuwa ne masu amfani. Kun dai ga littafin nan shi ya raba gardama ranar rabo, shi ne kuma abin da fataken da suka rasa. Amma ni na tafi ƙauyen nan ina ganin shugabanci da sana'a sai mun kai musu daga makaranta, alhali kuwa yaran sun tashi cikin gandu da gayya, iyayensu mata suna zubin adashi, a kasuwarsu ga sarkin pawa ga sarkin dillalai kowa da jama'arsa. Ɗan maƙerin da na raina ya san abin da ni mai shirin zama malaminsa ban sani ba. Ina roƙon kowane ɗayanmu, in an tura shi wani gari, kafin ya ja layi a littafi ya tambaya yadda mutanen wurin su ke haɗa kai su yi aiki, da wanda su ke bi in abu ya yi tsanani, da dalilin da ya sa su ke binsa. Wanda kuma ya ke da tsoho a gida, in an yi hutu ya zauna gabansa da takarda da alƙalami. Kakana shi kaɗai ya rage a zuriyarmu wanda ya ji labarin Gwanja daga bakin wanda ya taka ta, ga shi kuwa ya haura 80.

Da na gama gwaji yara suka ba ni rabona na ranakun Laraba, albasa cike da ɗan kwando. Na kai wa kakana. Ya laluba ya ɗauki guda ya jinjina, sa'an nan ya kama tafin hannuna ya shafa, ya ji kanta. Ya ce, "To, yanzu ka isa korar jaki. Madugu kuwa da saura."

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar 'ya'yan mutane, ya sa mu gama lafiya. Amin. Wassalam.